Ventspils, ƙungiyar ƙaramin gari a Latbiya

A gidan kallon ƙwallonmu na Mabera a Sakkwato, musu ba ya wuce Madrid da Barcelona. Ni kuwa tarihin Ventspils ne ya kama ni, ƙungiyar wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a Latbiya.

An kafa ta a 1997, zamanin da ƙungiyar Skonto ta Riga, babban birnin ƙasar, ta kankane kofin lig ɗin ƙasar har shekara 14 a jere. Sai ga Ventspils ta ɗauke shi a 2006, 2007 da 2008, ta kuma kai matakin rukuni na gasar Europa a 2009.

A 2021 UEFA ta dakatar da ita daga gasannin Turai shekara 7 kan sayar da wasa. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don na san yadda yaranmu ke rububin shiga filin Giginya, su ma can suna da irinsu.