Godiya bayan rawar autarmu

Alhamdulillahi, an yi bikin rufe makaranta lafiya, an tashi lafiya. Autarmu 'yar shekara 6 ta hau dandamali da 'yan ajinsu ta yi rawar bale, wata rawar Turawa da ake yi da salon ƙafa da hannu, ba kuka, ba neman gudu. Ni da babansu muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Ta farko ga malamarsu. Da aka aiko mana takarda cewa za a yi wannan rawa kafin hutun Disamba gabana ya faɗi, don yarinyar nan ko baƙo aka yi sai ta laɓe bayan zanena. Malama ta tara mu iyaye ta warware mana komai. Ta ce rawar daga fadodin Italiya ta taso, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, kuma can aka daidaita tsayuwar ƙafa iri biyar da ake fara koya wa kowane ɗan koyo. Namu ƙananan, in ji ta, ta ɗaya da ta biyu sun ishe su, sai ɗaga hannu da bin kiɗa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ranar da ta ji yarinya na kwaikwayon manyan 'yan rawa da ta gani a waya, tana ƙoƙarin tsayawa kan tsinin yatsu a tsakar gida. Ta kira ni da kanta ta ce, "Maman yara, ki hana ta. Ƙashin ƙafarta bai yi ƙwari ba, sai yarinya ta kai 11 ko 12, ta kuma sha horo, ake bari." Ba kowace malama ce za ta damu da abin da ɗalibarta ke yi bayan an tashi ba. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki naki.

Sai Hajiya, kakarta, wadda ta ce ba a fitar mata da jika cinya a waje. Gaskiyarta ce, makaranta ma ta amince. Telarmu ta babbar kasuwar Gombe ta ɗinka siket har ƙasan gwiwa da dogon wando da riga mai dogon hannu, ga ɗinkin ƙarshen shekara ya yi mata yawa amma ba ta saɓa alkawari ba. Hajiyar ce kuma take shafa mata man kaɗanya kowane dare, kada hunturu ya fasa mata dunduniya.

Yayyenta sun tafa mata a gida har ta saba da idon mutane. Na gode, 'ya'yan albarka.

'Yan uwa da kuka taso daga Kumo da Dukku, da maƙwabtanmu na Pantami, Allah ya bar zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.