Dutsen Namakkal da matar da ta rubuta kanta

Jinyar Inna ce ta kai mu Bangalo, a ƙasar Indiya. An yi mata aikin gwiwa, likita ya ce sai mun ƙara mako uku kafin ya sallame mu, don haka ni da Yaya muka riƙa karɓa-karɓar kwana a gefen gadonta. Kullum da safe ina hawa adaidaita sahunsu daga masauki zuwa asibiti, kullum kuma danja na tsayar da mu a wata mararraba. A nan na fara ganinsu: dogayen mata cikin sari mai ƙyalli, suna bin motoci suna wani irin tafi mai ƙara, yatsu a ware. Direba ya miƙa wa ɗaya rufi goma na kuɗinsu, ta dafa masa kai, ta wuce. Ya ce hijira ake kiransu. Sunan ya daki kunnena, amma ba Hijirar da muka sani ba ce. Mutane ne da aka raɗa wa suna a matsayin maza, suka tashi suna jin kansu mata, suke zaman gungu a ƙarƙashin wata uwar ɗaki da suke kira guru.

Wata nas 'yar ƙabilar Tamil ta ji ina yawan tambaya, sai ta aro mini littafi, The Truth About Me, na wata hijira mai suna A. Revathi, wanda ya fito a 2010. Dare uku na yi da shi a kan kujerar jinya. Da na kai ƙarshe na ce wa Yaya ina son ganin Namakkal, garin su matar nan.

"Ke dai da neman magana," in ji shi. "Me za ki gani a garin kaji?"

Inna ta ɗago kai ta ce, "Ƙyale ta. Je ki, 'yar nan, amma kada ki bar salla ta wuce ki."

Na kama bas tun da asuba. Tafiyar kusan kilomita 250 ce zuwa kudu. A Hosur muka shiga jihar Tamil Nadu, rubutun allunan hanya ya sauya daga Kannada zuwa Tamil. Muka ratsa gonakin mangwaron Krishnagiri, muka gangara ta Dharmapuri, na sauka a Salem na karya da wainar shinkafarsu ta turare, idli, a kan ganyen ayaba. Daga can saura kilomita hamsin da 'yan kai. Yaya bai yi ƙarya ba: tun kafin mu shiga Namakkal dogayen rumfunan kaji suka tare mu hagu da dama, ga manyan motoci jere a gareji ana ƙera musu bodi. Da ƙwai da tirela aka san garin.

A tsakiyarsa dutse ne guda ɗaya, curi, da tsohuwar ganuwa a kansa. A ƙasa akwai gunkin Hanuman, abin bautar mabiya addinin Hindu, mai tsawon ƙafa 18, tsaye babu rufi, jama'a cike. Ni dutsen na zo hawa. Ya fi Dala santsi, rana kuma ta gasa shi har ina jin zafin ta cikin takalmi. A can sama, inda akwai wurin bautarsu da kuma tsohon masallaci a cikin ganuwa guda, na sami inuwa na zauna.

A kan dutsen nan ne, kamar yadda ta rubuta, Revathi ta fara haɗuwa da masu irin halinta tun tana 'yar makaranta. Suna hawowa da yamma, su kira juna da sunan mata, su yi rawa, kafin duhu su sauka kowa ya koma cikin rigar da gida ya san shi da ita. Daga nan ta gudu Delhi, ta shiga cikin hijira, ta yi bara shago-shago. Da ta dawo gida, yayanta ya rufe ta da duka da sandar wasan kurket har kanta ya fashe, aka kuma aske mata gashi. Ta sake gudu. A Dindigul aka yi mata aikin cire al'aurar namiji da suke kira nirbana. Ta yi karuwanci a Mumbai da Bangalo, ba ta kuma ɓoye wannan a littafin ba, ba ta ɓoye yadda 'yan sanda suka tuɓe ta a caji ofis suna dariya ba. Ina zaune ina kallon rufin gidajen garin, ina tunanin yarinyar da ba ta da inda za ta sake sai kan dutse.

Abin da ya fid da ita daga titi aiki ne a Sangama, ƙungiyar kare haƙƙin irinsu a Bangalo. Daga ƙaramar ma'aikaciya ta fara har ta kai darakta. A 2004 ta fitar da littafinta na farko da Tamil, Unarvum Uruvamum, inda ta bi 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya ta rubuta abin da suka faɗa da bakinsu. Labarinta na kanta kuwa da Turanci ya fara fitowa, fassarar V. Geetha, kafin na Tamil mai suna Vellai Mozhi.

Ni malamar wasan kwaikwayo ce a makarantar 'yan mata, don haka ɓangaren dandamali ya fi kama ni. An fassara littafin zuwa Kannada, wata ƙungiyar wasa ta mai da shi wasa ta zaga da shi garuruwan Karnataka, jihar da Bangalo take. Daga baya ita kanta ta riƙa fitowa ita kaɗai tana wasa da rayuwarta. Na san nauyin wannan. Ɗalibata kan yi kuka idan na ba ta rawar matar da aka saka, alhali ba ita aka saka ba. To ina ga wadda za ta tsaya gaban baƙi ta sake karɓar dukan da aka yi wa jikinta, gobe ma ta maimaita?

Ƙasar ta ɗan motsa. Tamil Nadu ta kafa hukumar jin daɗinsu a 2008, ana kuma kiransu tirunangai, sunan girmamawa. A 2014 Kotun Ƙoli ta amince da su a matsayin jinsi na uku. A 2019 aka rataya sunan Revathi a gaban laburaren Jami'ar Kolumbiya a Amurka, tare da na marubuta irin su Toni Morrison da Maya Angelou. Duk da haka tafin nan yana nan a mararraba.

Ban je Namakkal yin fatawa ba, kuma hijira ba 'yan daudu ba ne, kowa da tarihinsa. Amma ina saukowa daga dutsen na tuna ɗan daudun da ke suyar kaji a bakin tashar unguwarmu. Muna yara mukan ci kazarsa, mu juya mu kwaikwayi tafiyarsa. Ya rasu tuntuni. Ko sau ɗaya ban ji wani babba ya tambayi garinsu ko dalilin barinsa gida ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Bayan isha'i na iso asibiti. Inna ba ta yi barci ba, ta ce in ba ta labari. Na ba ta na kaji da gunki da dutse, sannan na ba ta na Revathi, ban rage komai ba. Da na zo kan dukan sai ta tsayar da ni.

"Uwar fa? Tana ina?"

"Tana tsaye a wurin, Inna. Ba ta hana ba."

Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana jan carbi. Can ta ce, "Ɗan da ka haifa." Sai ta miƙo ƙafar da aka yi wa aiki ta ce in matsa mata.