Ɗakin katakon Baba

Asabar. Hazo tun asuba, leɓena duk ya tsattsage.

Da murnata na tashi, don yau ne za a kawo mai son kama gidanmu na Ɗorayi. Wata bakwai ke nan yana kulle, tun da Hajiya ta dawo wajena. Jiya da daddare na zauna na rubuta sharuɗɗa a takarda, Maman Ilham tana ta yi min dariya wai na zama lauya.

Ƙarfe goma dillali ya iso da mutumin. Malamin makaranta ne, mata ɗaya, 'ya'ya uku. Ya leƙa ɗakuna, ya leƙa rijiya, ya ji mitar ta kati ce kuma ba a haɗa da maƙwabta ba, ya ce madalla. Sai muka zo kan ɗakin katakon da ke jingine da katangar baya.

Na karanto musu. Ba a shiga da kasko ko risho ko tukunyar gas. Ba a jona hita ko dutsen guga, don wayar ciki siririya ce, ƙwai ɗaya da fanka aka ja ta domin su. Kafin damina a shafe ƙafafun da baƙin mai saboda gara, ni zan kawo man, shi zai sa a shafa. Ba a ba wani haya a ciki, ba a mayar da shi shago. Malamin bai yi musu ba. Ya ce duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 ba sai an yi masa wa'azin wuta ba, balle katakon da ya sha hunturu. Sannan ya ce:

"Alhaji, ɗakin nan yana cikin zanen da aka kai hukumar tsara birane, KNUPDA?"

Na ce a'a, daga baya aka ƙara shi.

"To idan wata rana aka ce a cire, ko gara ta cinye shi, za a rage min kuɗi?"

Tambaya ce ta mai hankali, ban ji haushinta ba. Kafin in buɗe baki dillali ya cafe:

"Malam, kwantar da hankalinka. Ɗaki uku na ƙirga, ban sa wannan a lissafi ba. Ai rumfa ce, gyara aka yi maka. Ka zuba tarkace, ko Madam ta sa kaji."

Kaji.

Ina aji biyar Baba ya tafi da ni 'Yan Katako a Na'ibawa. Ɗaya bayan ɗaya ya dinga ɗaga katakon yana hango shi ta gefe, ko ya karkace. Shi ya hana kafinta kafa ginshiƙai a ƙasa, ya ce sai an ɗora su a kan bulo don kada laima ta kama. A nan yake biya mana allo bayan magariba, a nan rediyonsa take, har yanzu ƙusar da yake rataye carbi tana nan. Na san dillali bai yi ƙarya ba. La'adarsa kashi goma ce a kan abin da aka ƙirga, kuma ba mai biyan kuɗin shekara a kan abin da babu shi a takarda. Sanin hakan bai hana abin tsaya min a wuya ba, har na rasa me aka ce game da fenti.

Mun dai daidaita. Notis wata shida, kamar yadda lauya ya ce ana ba ɗan hayar shekara. Litinin a sa hannu gaban mai unguwa.

Cunkoso a Kabuga. Shinkafa da wake, ban ci da yawa ba.

Hajiya ta tambaye ni, "Sun ga ɗakin Malam?" Na ce sun gani, sun yaba. Ta ce Allah ya sa masu riƙe amana ne.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Na ɗauko takardar na ƙara layi a ƙasa: ba a kiwo a ɗakin katako. Na soke, na sake rubutawa. Makullinsa kuwa na zare shi daga cikin sauran, yana aljihun rigata.