Ranar kasuwa da kaka

Motar da na samu ta kaya ce, ba ta fasinja ba. Direban ya ce in zan iya zama a kan buhu, bismillah. Haka na hau tun da duhun asuba, na riƙe igiyar da aka ɗaure kayan, ƙaiƙayi yana shiga min wuyan riga. Da gari ya waye sai ga gonaki hagu da dama duk an girbe, wani wuri kara a tsaye ya bushe, wani wuri an sare an tara. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an ɗaga mana hannu a ƙara buhu biyu ko uku, har motar ta koma tafiyar hawainiya.

Kasuwar fili ce kawai a bakin hanya, mako-mako take ci. Kafin hantsi babu masaka tsinke: masara, wake, albasa, kabewa jibge a ƙasa, tumatir a kwanduna. Kusan kowa ya san kowa. Wannan ya bar wa maƙwabcinsa kaya ya ce yana zuwa, wancan ya aro kwanon awo, wata tana tambayar mai jiki kafin ta taya wake. Bashin da aka ci tun damina ma nan ake tarar juna a kansa, wani da dariya, wani da ɗaure fuska.

Na fi daɗewa a gefen wani dattijo mai sayen hatsi. Yakan cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga can ƙasa, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. In ta ce ƙas, sai ya gyaɗa kai. Da ya zo kan buhunan wata mata, ya ciza, ya tofar.

Na ce, "Baba, me ka ji?"

Ya ce, "Ɗana, wannan da sauran ruwa a jikinta. Ka ɗaure bakin buhun nan yau, kafin wata guda ta yi fumfuna."

Masana aikin gona suna cewa sai danshin masara ya sauka zuwa kamar kashi 13 cikin 100 kafin a adana ta, domin fumfunar tana iya haifar da gubar da ke lalata hanta. Shi Baba haƙori ne na'urarsa, kuma ban ga wanda ya musa masa ba.

Matar ma ba ta musa ba. Ta san masarar ba ta gama bushewa ba, amma mai taki yana jiran kuɗinsa, ga na makarantar yara. Da can dillalai nake zagi duk lokacin da na ji farashi ya karye da kaka. A wurin nan na ga abin da idona: kowa ya girbe a lokaci ɗaya, kowa yana neman kuɗi a lokaci ɗaya, kaya sun fi masu saye yawa. Mai wurin ajiya da ƙarfin jira shi zai sayar da buhun nan da tsada nan da wata biyar ko shida.

Maƙwabciyarta mai albasa ce ta zare tampol daga ƙarƙashin kayanta ta miƙa mata. Suka baza masarar a rana, yaran su biyun suka zauna da tsumagiya suna korar kaji.

Da la'asar masu tumatir suka fara karyar da kaya, don ba mai son komawa gida da kwandon da zai ruɓe kafin mako ya zagayo. Ina neman motar komawa na hangi Baba ya dawo wurin tampol ɗin. Ya tsuguna, ya ciza, ya ɗan yi shiru.

Ya ce, "Ta yi dama-dama, 'yata. Amma sai kin rage min."

Ta dubi maƙwabciyarta, sannan ta fara tattara masarar tana mayarwa buhu.