Asabar, ni da Kawu da tozo

Yau dai na hura murhun nan da Yaya ya aiko daga Duwala. Wata uku yana zaure kamar randa, tun ranar da mu huɗu muka sauke shi daga motar Gaundare muna nishi. Na tangaran ne mai kauri, kamado ake ce masa, wato murhu da Japananci. In ya ɗauki zafi ba ya sakin sa da wuri, kuma nan na fara shan kashi.

Na zuba gawayin ƙirya, na kunna wuri ɗaya a tsakiya, ban sa kalanzir ba don yumɓun yana riƙe wari. Sai na bar ƙofar iska ta ƙasa a wangale na shiga shan kunu. Ina fitowa allurar ma'aunin zafi ta haura digiri 200, ni kuwa 110 nake nema. Na tsuke ƙofar ƙasa da ta sama, na yi tagumi kusan awa guda kafin ta sauko.

Ina cikin haka sai ga Kawu da sandarsa. Ya zagaya murhun sau biyu.

"Ɗan nan, wannan tulun na mene ne?"

Na yi masa bayani: faifan yumɓu tsakanin wuta da nama, guntayen icen mangwaro cikin gawayi, murfi a rufe, nama ya nuna a hankali cikin hayaƙi.

"Au, banda. Kakarka da fasasshiyar randa take yi."

Na ce banda ai busarwa ce don ajiya, wannan kuwa so ake ruwan naman ya zauna a jikinsa. Ya ce "To", irin "to" ɗin nan nasa. Na ɗauko tozon zan ɗora, ya tare ni da sanda. Wai farin hayaƙi mai kauri ɗaci yake sa wa nama, in jira ya sirance har ya yi kamar babu. Muka jira. Can ya ɗora tafin hannunsa saman ƙofar iska, ya ce, "Yanzu." Na leƙa allura: 115. Ko kallon ta bai yi ba.

Da azahar zafin cikin naman ya tsaya cak a 68. Awa ɗaya, awa biyu, shiru. Ranar Garwa na dukan ƙeyata, na miƙa hannu zan ƙara iska.

"Bar shi. Gumi yake yi, gumin ne ke sanyaya shi. Kuma ka daina ɗaga murfin nan, kana ba wuta iska."

Abin da na kwana uku ina karantawa a waya ke nan.

Bayan la'asar ya kai 94. Na naɗe shi, ya huta har magariba. Gishiri ya ɗan yi yawa, uwargida ba ta ɓoye min ba. Auta ta ci har da siɗe yatsu.

Kawu tsohon mai rumfar tsire ne, amma ya daɗe da barin cin sa saboda haƙori. Yau ya ci yanka uku bai ce uffan ba. Da zai tafi na raka shi bakin titi, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ka zauna rumfa da ni, da ba ka nemi allura ba."

Dariya na yi a lokacin. Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, maganar ta hana ni barci. Duk cikinmu ba wanda ya karɓi wuƙarsa. Rumfar ma cajin waya ake yi a cikinta, kullum ta gabanta nake wucewa zuwa ofis.

Na rufe ƙofofin iska, wutar ta mutu, kusan rabin gawayin na nan. Gobe kifin Lagdo zan gwada. Kawu ya ce shi ma in je in ɗauko shi da babur kafin in kunna.