Zanen ɓatanci da iyakar 'yancin faɗin albarkacin baki

Tun ranar 30 ga Satumba 2005, lokacin da jaridar Jyllands-Posten ta ƙasar Denmak ta buga zane-zane 12 na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), hujja ɗaya ake ta nanata mana: wai 'yancin faɗin albarkacin baki ba shi da shinge, kuma duk wanda abin ya yi wa ciwo sai ya haɗiye. Ban yarda da wannan hujja ba, domin su kansu masu kafa ta ba haka suke yi a gidajensu ba.

Wannan jaridar ce a 2003 ta ƙi buga wasu zane-zane game da Annabi Isa (AS), bisa dalilin cewa za su fusata masu karatunta. A Faransa, dokar Gayssot ta 1990 ta haramta musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, kuma mujallar barkwanci ta Charlie Hebdo, wadda ita ma ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), da kanta ta sallami mai zanenta Siné a 2008 saboda wani rubutu da aka zarga da ƙin jinin Yahudawa. Ba na neman a ɗauke wa kowa irin wannan kariya. Abin da nake nunawa shi ne shingen yana nan, mutane ne ke kafa shi, kuma suna zaɓen wanda za su kewaye da wanda za su bari a fili. Ita Denmak ɗin ma, a Disamba 2023, ta yi dokar hana wulaƙanta littattafai masu tsarki a bainar jama'a.

Amma abin da ya fi sosa mini rai ya faru ne a ƙasashenmu. A Fabrairu 2006 zanga-zangar Maiduguri kan zanen Denmak ta rikiɗe zuwa ƙona coci-coci da kashe bayin Allah, aka yi ramuwar gayya kan 'yan Arewa a Anaca. A Janairu 2015 aka maimaita a Damagaram da Yamai kan zanen Charlie Hebdo, inda mutum 10 suka rasa rayukansu. Me ya haɗa maƙwabcinmu Kirista da mai zane a Faris, alhali Alƙur'ani ya faɗa mana cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani? Harin da aka kai ofishin Charlie Hebdo a Faris ranar 7 ga Janairu 2015 kuwa ya kashe mutum 12, har da ɗan sanda Musulmi, Ahmed Merabet, sannan mujallar da ta saba buga kwafi kusan 60,000 ta buga miliyoyi a fitowarta ta gaba, ɓatancin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

Ƙaurace wa kayan Denmak ne ya ji musu. Da Musulmin Gabas ta Tsakiya suka daina sayen madara da man shanun kamfanin Arla, ba tare da zubar da jinin kowa ba, Jyllands-Posten ta nemi afuwa a ƙarshen Janairu 2006 kan ɓata wa Musulmi rai, duk da cewa ta dage a kan cewa tana da 'yancin bugawa.