Da bakina aka yi musu alkawari

Ranar Alhamis na miƙa makullin ofis, bayan shekara 6 ina shiga tsakanin wani kamfanin fasa dutse da ƙauyen da yake maƙwabtaka da shi a bayan Zariya.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai an rubuta yarjejeniya da mutanen wuri kafin a fara aiki. Tamu da Turanci aka rubuto ta, ni aka tura in karanta a ƙofar gidan dagaci. Ba kuɗi ne ya fi damun mutanen ba. Sun ji yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a wuraren haƙar zinare na Zamfara a 2010, don haka asibiti suke so. Na yi musu bayani cewa mu tsakuwa muke fasawa, matsalarmu ƙura ce da ƙarar nakiya. Dagaci ya ce, "Yaro, mun ji. Asibitin fa?"

Takardar cewa ta yi kamfani "zai duba yiwuwar" gina ɗakin shan magani. Na kalli manaja, ya ɗan gyaɗa kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, za a gina." Aka shafa Fatiha, dagaci ya dangwala yatsa.

Damina biyu ta wuce, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Ranar da nakiya ta tsaga rumbun wata tsohuwa, dawa ta zube, samari suka tare hanyar tifa da gumagumai. Manaja ya zaro takardar a gabansu ya ce a nuna masa inda aka rubuta asibiti, sannan ya juyo: "Wa ya aike ka?" Shi da yamma ya koma Kaduna. Ni kuwa ranar kasuwa da su nake haɗuwa. Tsohuwar ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, ai kai muka sani."

Tun daga nan ban sake karanta takardar da ba a buga ta da Hausa ba, kwafi ɗaya a hannun liman. In kuma rijiyar burtsatse za a yi, sai na ce a tambayi masu ɗiban ruwa inda za a haƙa, ba a yanke a ƙofar dagaci ba.

Doka ta ce a sake duba yarjejeniya duk shekara 5. Da lokacin ya zo na kafe sai da aka sa ranar fara ginin asibitin. An kai linta. Manaja ne zai yanka ƙyallen buɗewa.